Ka Je Wa Labari da Ƙafarka, Kada Ka Jira a Turo Maka

Wata ranar Juma'a bayan sallar isha'i muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida a Jekadafari, nan cikin garin Gombe, sai wani yaro ɗan maƙwabta ya taso da sauri riƙe da waya. Ya nufi dattijon da duk muke kira Baffa, ya durƙusa ya ce, "Baffa, kun ga abin da ke faruwa a hanyar Bauchi? An tare hanya, ana ƙona motoci."

Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Hayaƙi ne ya turnuƙe, mutane na gudu, wata mata na ta salati. Babu allon sunan gari, babu lambar motar da za a iya karantawa, babu wanda ya faɗi rana ko wuri. A ƙasansa an rubuta, "Yanzu-yanzu, a tura wa 'yan'uwa."

A cikinmu akwai wanda matarsa ta taso daga Bauchi da yammacin ranar. Na ga yadda hannunsa ke rawa yana laluben lambarta. Ya kira, layi bai shiga ba. Ya sake kira, aka ce a kashe take. Ya miƙe ya nufi babur ɗinsa ko takalmi bai sa daidai ba, kuma da za ka tambaye shi inda za shi, shi kansa bai sani ba. Sai da aka samu wani direban da ya shigo tasha ta wannan hanyar ya rantse cewa lafiya lau ya wuce Alkaleri, sannan bawan Allah ya zauna. Matar ta iso gida lafiya, cajin wayarta ne kawai ya ƙare.

Baffa ya dubi yaron ya ce, "Wa ya faɗa?" Ya ce, "A guruf na gani, Baffa." Ya ce, "Wa ya sa a guruf ɗin?" Ya ce, "Shi ma turo masa aka yi."

Ba ƙaryar ce ta fi ɓata min rai ba, don maƙaryata ba yau aka fara su ba. Abin da ya tsaya min shi ne, duk mu masu manyan wayoyi da ke wurin babu wanda yake da takamaiman wurin da zai duba ya tabbatar. Kowa ya buɗe Facebook yana ta ja da yatsa, yana jiran ko Allah zai sa wani abu ya faɗo. Baffa kaɗai, mai ƙaramar rediyo a gefen tabarma, shi ya ce a bari takwas da rabi ta yi, in da gaske ne ba za a rasa ji ba.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Duk mai waya ya kamata ya zauna ya zaɓi majiyoyin labarinsa da kansa, uku ko huɗu, masu suna da ofis da ma'aikatan da za a iya tuhuma. Ya yi rajista da su kai tsaye, ya kuma ware lokacin da zai riƙa zuwa gare su. Duk abin da ya faɗo masa a guruf ko a Facebook ya ajiye shi a matsayin jita-jita, har sai ya ji shi daga bakin ɗaya daga cikinsu. Wanda bai yi haka ba, wani ne can yake yanke masa abin da zai sani game da garinsa, kuma wannan wanin bai san shi ba, bai damu da shi ba.

Wa ke zaɓar abin da kake gani?

Mutane da yawa suna zaton da zarar sun danna alamar bibiyar wata jarida a Facebook, duk abin da ta wallafa zai iso gare su. Ba haka abin yake ba. Tsakaninka da jaridar akwai wani lissafi na kwamfuta da ke tace abin da zai fito maka da wanda za a binne. Kamfanin da talla yake cin abinci, talla kuwa ba ta biya sai ka daɗe kana kallo. Saboda haka abin da lissafin ke nema shi ne abin da zai tsayar da babban yatsanka: faɗa, tonon silili, hoton gawa, malami na zagin malami, matar aure na kuka a gaban kyamara. Rahoton yadda aka kashe kuɗin gyaran asibitin ƙaramar hukuma ba ya tsayar da yatsan kowa.

Wannan ba zargin zaman majalisa ba ne. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Facebook, da kansa ya sanar cewa Facebook zai rage nuna wa mutane abin da gidajen jaridu da kamfanoni ke wallafawa. A 2021 kuma wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, inda aka ga cewa akwai lokacin da alamar nan ta fuskar fushi take da maki ninki biyar a kan alamar babban yatsa wajen ɗaga rubutu sama. Daga baya sun sauya, amma dai mun ga irin ma'aunin da ake auna mu da shi. TikTok kuwa bai ma tsaya ɓoyewa ba, don yawancin abin da yake zubo maka daga mutanen da ba ka taɓa zaɓa ba ne.

Iyayenmu ba haka suke sauraron duniya ba. BBC ta fara Hausa a 1957, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa ta biyo baya a 2007. Wanda ya tashi a gidan mai rediyo ya san yadda abin yake. Tun da asuba za ka ji ana murɗa akwati ana neman gajeren zango, ana jan eriya ana karkata ta wajen taga, muryar na zuwa tana ɓacewa cikin ƙugi. Maigida ya san tasharsa, ya san lokacinta, ya san muryar mai karanta labaran har ya iya kwaikwayonsa. In ya gama da Landan ya koma Jamus, ya ji yadda su suka kawo maganar, ya haɗa biyu ya fitar da tasa fahimtar kafin ya fita kasuwa. Da yawansu ba su yi boko ba, amma su suke zuwa wa labari, kuma sun san daga bakin wa suka ji. Mu da muka ninka su kayan aiki mun sakar wa wani wannan zaɓin.

"Ai labarin yana zuwa min da kansa, har ya fi sauri"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, musamman daga matasa. Kuma ba na musun saurin. Kafin ɗan jarida ya kira kakakin 'yan sanda, ya kira asibiti, ya rubuta, edita ya duba, bidiyo ya riga ya zagaye Gombe ya wuce Kumo ya kai Kaltungo.

To amma saurin me? A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wa bai tuna wannan daren ba? Ana ta buga waya ƙarfe uku, ƙarfe huɗu, uwa na tashin 'ya'yanta, ana dafa ruwa ana zuba gishiri. Masu hawan jini suka sha. An kwantar da mutane a asibitoci, wasu suka rasa rayukansu. Cutar da ake gudu kuwa ba ta taɓa ƙetarowa Arewa ba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, kuma a watan Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Saƙon gishiri ya riga kowace jarida isa gidajenmu. Wannan shi ne saurin da ake alfahari da shi.

Ko mu ɗauki canjin kuɗi na farkon 2023. Babban Banki ya sa wa'adin 31 ga Janairu ga tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sannan ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Shugaban ƙasa ya fito ya ce tsohuwar 200 ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce dukkansu su ci gaba har ƙarshen Disamba. Magana ce mai canzawa kusan kowane mako, kuma kowane canji da nasa ranar. Mai bin tasha ɗaya a jere ya san wanne ya shafe wanne. Mai jiran guruf kuwa yau zai ga sanarwar makon jiya an turo ta kamar sabuwa, gobe ya ga ta watan jiya. Na ga masu kayan miya suna ƙin karɓar kuɗin da doka ta halatta, na ga kuma waɗanda suka rabu da tsofaffin takardunsu a kan asara saboda wani saƙon murya da ba su san mai shi ba.

Illar abin da ake turowa ke nan: yana zuwa ba kwanan wata, ba mafari, ba abin da ya biyo baya. Za a turo maka cewa an kama wani, ba za a taɓa turo maka ranar da kotu ta wanke shi ba. Labari kuwa abu ne mai ci gaba, sai mai bibiya yake ganin ƙarshensa.

Mu da muka tashi a kan karatun addini bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba. Malaman hadisi ba sa duba daɗin magana sai sun duba wa ya ruwaito, daga wa, kuma shi mai ruwayar an san shi da gaskiya da kiyayewa ko a'a. A cikin Suratul Hujurati an umarce mu da mu bincika idan fasiƙi ya zo mana da labari, don kada mu cutar da wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama. Yaron da ba zai karɓi hadisi ba isnadi ba, shi ne zai tura wa mutum ɗari bidiyon da ba shi da uba. Kuma "kamar yadda aka turo min" da ake rubutawa a sama ba ta sauke wa kowa nauyi.

"Su ma gidajen jaridun ƙarya suke yi"

Wannan ƙorafin ya fi na farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san gaskiyar da ke cikinsa ba. Gidan rediyon da gwamnati ke biyan albashinsa da wuya ka ji ya fito ya ce gwamna ya gaza. Mai zaman kansa kuma akwai mai shi, mai shi yana da abokai, yana da jam'iyya, yana da masu ba shi talla. Tashoshin ƙetare na gwamnatocinsu ne ko na al'ummarsu, da idon ƙasarsu suke kallon duniya, kuma duk wanda ya bi labarin Falasɗinu ko na Nijar ya ji inda kowace ta karkata. Ba su da tabbas ma: a watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, masu sauraron sashen Hausa suka wayi gari shiru.

Duk na yarda. Amma a duba bambancin. In wata tasha a Gombe ko Bauchi ta yi ƙarya a kaina, na san titin da ofishinta yake. Zan iya zuwa in nemi manaja, zan iya kai ƙara hukumar da ke ba ta lasisi, zan iya zuwa kotu. Mai gabatar da shirin yana da suna, yana da unguwa, gobe zai haɗu da mutane a masallaci ko a wurin ɗaurin aure. Wannan kunyar da wannan tsoron su ke sa shi ya yi waya ya tabbatar kafin ya buɗe baki. Shi kuwa wanda ya haɗa bidiyon da ya tayar mana da hankali, ina zan same shi? Ba shi da abin da zai rasa.

Sannan karkatar da ka sani tana da magani. In na san tashar gwamnati ba za ta soki gwamnati ba, zan saurare ta don sanarwar ranar rabon taki, da allurar rigakafi, da jadawalin jarrabawa, in nemi suka a wani wurin. In na san wata jarida tana tare da 'yan adawa, zan karanta ta da wannan sanin. A kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ba wanda ke sayen buhun masara bai sa an soka masa ya ga ƙwayar ba, kuma kowane ɗan kasuwa yana da dillalin da ya san halinsa, ya san inda yake ƙarawa da inda yake ragewa. Ba don dillalin waliyyi ne ake komawa wurinsa ba, sai don an san shi, kuma in ya cuce ka gobe yana nan a rumfarsa.

Shi ya sa ban ce a zaɓi ɗaya ba. A ɗauki ta gida guda, kamar Progress ko Amana ko Jewel FM ga mutumin Gombe, Globe FM ko Albarka ko BRC ga mutumin Bauchi. A haɗa da jarida ta ƙasa mai Hausa irin Aminiya, a ƙara da ta ƙetare ɗaya ko biyu. Inda suka haɗu a kan magana, da wuya ta zama ƙarya tsagwaronta. Inda suka saɓa, nan ne mutum zai san akwai abin dubawa.

Akwai kuma wani dalili na riƙe majiya ta hanya fiye da ɗaya. A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. A Kanada tun watan Agustan 2023 kamfanin Meta, mai Facebook, ya toshe labaran jaridu daga Facebook saboda rigimar kuɗi tsakaninsa da gwamnati. Wanda duk iliminsa na duniya ta ƙofa ɗaya yake shigowa, ranar da aka rufe ta ya zama kurma. Wanda ya san mitar tasharsa kuma ya sauke manhajar jaridarsa a waya, bai rasa komai ba.

Maganar data

Wasu za su ce data ta yi tsada, kuma haka ne, musamman tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Sai dai wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Bidiyo shi ke shanye data. Abin da mutum zai ƙona a rabin awa yana jan TikTok zai ishe shi karanta rubutattun labarai na kwanaki. Tun 2023 WhatsApp ya buɗe tashoshin da gidan jarida zai riƙa sa labari kai tsaye, a jere bisa lokaci, ba wanda ke ganin lambarka, ba mai cika maka waya da gaisuwar Juma'a. Rediyon FM kuwa da ke cikin ƙaramar waya ko kwabo ba ya ci, abin sawa a kunne kawai yake buƙata.

A nan akwai aikin da ya hau kanmu mu 'ya'ya. Mu muke saya wa iyayenmu mata wayoyi, mu muke jefa su a guruf na dangi da na unguwa da na Islamiyya, sannan mu tafi mu bar su da saƙonnin murya na maganin ciwon suga da na tallafin da sai an tura lambar BVN. Goggon da ba ta karanta boko ba za ta iya bambance sanarwar gwamnati da ta ɗan damfara ba in duka an sa musu tambari iri ɗaya. Wanda ya saya mata wayar shi ya kamata ya zauna kusa da ita ya sa mata tashar da za ta riƙa saurara, ya nuna mata inda za ta danna, ya ce, "Goggo, duk abin da ba ki ji a nan ba, ki kira ni kafin ki tura wa kowa."

"Zaɓen majiya zai kulle mutum a ra'ayi ɗaya"

Wani malamin makaranta abokina ya kawo min wannan, kuma tambaya ce ta mai hankali. Ya ce in kowa ya zaɓi wanda zai saurara, ai ɗan jam'iyya zai zaɓi tashar jam'iyyarsa, ɗan ƙungiya ya zaɓi malamin ƙungiyarsa, kowa ya ƙara ƙulle kansa.

Haɗarin yana nan. Amma kullewar da ake tsoro ta riga ta faru, kuma lissafin kwamfutar ne ya yi ta. Ka tsaya ka kalli bidiyo biyu na raddi a kan wata ƙungiya, gobe za a kawo maka goma, kowanne ya fi na baya zafi, har ka ɗauka duk duniya a kan wannan rigimar ta kwana. Ba ka zaɓa ba, ba ka ma san an yi maka ba. Wanda ya zaɓa da hannunsa aƙalla ya san abin da ya ɗauka da abin da ya bari, kuma yana iya sa wanda ba ya so a cikin jerin da gangan. Ni ina ganin wajibi ne ma ya sa. A jiha irin Gombe, inda Musulmi da Kirista, Bafulatani da Batangale da Bawaja da Batera suke cin kasuwa ɗaya, mutumin da bai taɓa jin yadda labari ke sauka a kunnen ɗan Billiri ko ɗan Dukku ba, shi ne wanda bidiyo ɗaya zai iya tunzurawa.

Wa zai ba da labarin Nafada?

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna, kuma shi ne mutane suka fi mantawa.

Tashar Landan ba za ta aiko wakili don gadar da ruwa ya cinye a wani ƙauyen Nafada ba. Ba za ta bi diddigin ko ruwan madatsar Dadin Kowa ya isa unguwannin bayan gari ba, ko takin da aka ce an raba ya kai hannun manomin Funakaye, ko malaman firamare a Misau da Ningi sun ga albashinsu. Waɗannan sai ɗan jaridar gida, wanda zai hau babur ya je ya gani. Shi kuwa yana buƙatar mai, yana buƙatar albashi, yana da iyali.

Daga ina kuɗin zai fito? Daga talla, talla kuma tana bin wanda zai iya nuna cewa yana da mutanen da ke zuwa gare shi kullum. Mu kuwa me muke yi? Ɗan jarida ya sha rana ya haɗa rahoto, wani ya kwafe rubutun ya cire sunansa da na gidan da yake wa aiki, ya liƙa a guruf. Dubban mutane su karanta, gidan jaridar bai san da su ba, mai talla bai san da su ba. In aka jima a haka, wa ya rage da zai biya? Ɗan siyasa. Sai mu dawo muna zagin 'yan jarida cewa sun zama 'yan amshin shata, alhali mu muka bar su ba wani mai ciyar da su sai shi.

Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, saye ake yi. Mutane na cire kuɗi a lokacin da kwabo yake da daraja, mai karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. A Bauchi a farkon shekarun 1940 su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna zama a da'irar muhawara suna tattauna al'amuran mulki a gaban jama'a, kowa da sunansa, kowa yana ɗaukar nauyin abin da ya faɗa. Yankin da ya fitar da waɗannan bai dace a ce jikokinsa sun koma rayuwa a kan "an ce" ba.

Ban ce kowa ya fitar da kuɗi ba, na san halin da ake ciki. Amma yin rajista da tashar gidan jaridar garinku kyauta ne. Tura labari tare da sunan wanda ya rubuta da inda aka samo shi kyauta ne. Mai shago da ke da abin talla ya kai wa tashar garinsu. Mai hali da ke kashe dubbai a kan data kowane wata, in jaridar da yake amfana da ita ta nemi gudummawa, ya bayar.

Su ma gidajen rediyo da jaridun Gombe da Bauchi akwai abin da ke kansu, don ba za a ce mutane su zo ba alhali ba a shirya musu wurin zama ba. Su riƙe lokaci: in an ce labarai ƙarfe bakwai, kada a fara bakwai da kwata saboda tallar maganin gargajiya ba ta ƙare ba. Su riƙa sa rubutaccen labari da Hausa mai kyau a tashoshinsu na waya, da kwanan wata a sama, ba dogon bidiyo kawai ba. In sun yi kuskure su fito su gyara a daidai shirin da suka yi shi. Shirin da ɗan siyasa ya biya kuɗinsa a faɗa a farko da ƙarshe cewa biya aka yi. In kuma jita-jita ta tashi a gari da daddare, a samu wanda ke bakin aiki da zai kira 'yan sanda da shugabannin tasha da asibiti, ya fito cikin rabin awa ya faɗa wa mutane abin da aka tabbatar da abin da ba a kai ga tabbatarwa ba.